Littafin da Muka Tsinto a Taki

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya ce na ɓoye. Yayana ne ya tafi ci-rani kudu ya ƙi dawowa, jakin gidanmu ya rasa mai kora, mahaifinmu kuma ya ɗora ni a ma'auni ɗaya da jakin don ya ga wa ya fi kawo amfani gida. Jakin ya ci. Amma kada a raina aji huɗun wancan zamani. A ƙauyenmu, nan cikin gonakin da ke hanyar Dawakin Tofa, ni ne shehin boko. Ni ke karanta takardar asibiti, da rubutun jikin buhu, har da abin da aka rubuta a bayan mota, in dai ta tsaya cik ta ba ni lokaci.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai ya ɗauka gona haka kawai take haihuwa. Tamu ba ta san hutu ba. Babu daji tsakanin gari da gari, inda gonar wannan ta ƙare nan ta wancan ta fara, kuma ƙasar da kakanni suka shuka gero da dawa da gyaɗa ita muke ta tatsa har yau. Taki ne ke riƙe da ita, takin da ya fi ƙarfi kuwa daga birni yake zuwa. Da rani mukan ɗora wa jakuna itace da kara mu shiga Kano, mu sauke, mu cika mangala da sharar birni mu juyo: toka, kashin awaki, tsumma, ɓawon rake, duk abin da mutanen birni suka ƙoshi da shi. Mu zube tsibi-tsibi a gona, sai hadari ya fara haɗuwa a baza. In mun wuce mutanen birni su toshe hanci. Da kaka kuma su sayi geron da shararsu ta haifa, suna cewa ai na ƙauye ya fi garɗi.

Abokin tafiyata taubashina ne, ɗan goggona. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a shari'ar wasa bawana ne, ko da yake bai taɓa amsawa ba, shi ma bawa yake kirana. Bai taka ƙofar makarantar boko ba. In ka ba shi takarda sai ya juya ta sau uku kafin ya yanke shawarar ina ne samanta. Amma Allah ya ba shi ido. Yana iya hango kurciya a cikin ganyen ɗorawa ya gaya maka wace ƙafa take ɗingisawa.

Akwai abin da aka koya mana tun muna ƙanana: ba a barin takarda mai rubutu a ƙasa. A ɗauke ta, a kaɗe, a cusa a tsagin katanga ko kogon bishiya, don ba a san ko akwai sunan Allah a jikinta ba. To wata rana muna juye mangala a gonar mahaifinsa sai ya hangi takarda a cikin toka. Neman lada ya sa ya sunkuya ya ɗauka. Ya kaɗe ta a gwiwa, ya nufi gindin ɗorawa zai cusa, sai na ga ya tsaya. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kunama ce.

Zane ne. Wani wanzami mai ƙaton tumbi a kan keke, zabira a kafaɗa, ya ɗaga hannu yana gaishe da mutane cikin isa, a bayansa kuma bunsuru yana bin keken yana cin jelar rawaninsa, har ya cinye rabi, mai rawani bai sani ba. A ƙasa akwai layi biyu na Hausar boko. Na karanta masa da muryar alƙali. Muka yi ta dariya a kan tsibin shara har jakuna suka gaji da jiranmu suka kama hanyar gida su kaɗai.

Daga ranar muka zama mafarauta. Duk tsibin da muka zube sai mun tone shi da sanda kafin a baza. Wani ranin mu samu 'yan shafuka, wani ranin ko ɗaya. Ban taɓa riƙe cikakken littafi irin wannan ba, ban san sunansa ba, ban san wanda ya zana ba, Allah ya saka masa ko ma wane ne. Kuma tun da wuri na gane shafukan ba na littafi ɗaya ba ne. Wasu masu launi ne, wasu baƙi da fari, wasu da Turanci. A wani shafin mutumin siriri ne mai gashin baki da hular Bature, a wani kuma kare ne ke binsa. Na kawo wa taubashina wannan ƙorafi a matsayina na mai ilimi, ya yanke hukunci nan take. Ya ce duk mutumin da aka gani cikin wahala wanzamin ne. Ramewa ya yi don bunsurun ya cinye masa abinci. Hular Bature kuwa aiki ya samu a tashar jirgin ƙasa. Karen ma bunsurun ne, aski wanzamin ya yi masa don ramuwar gayya. Na duba na sake dubawa, ban sami inda zan ɗaukaka ƙara ba.

Shafukan Turanci ni ke fassarawa. Turancin aji huɗu kamar bargon yaro ne, in ka rufe kai ƙafa ta fito, don haka inda bai kai ba sai in cike da nawa. Shi ma ya sani. Yakan ce in dai karanta kawai, ƙaryata ta fi Turancin daɗi.

Da shafukan suka yi kauri na samo basilla da zaren buhu na ɗinke su, na yi musu bango da kwali. Shi ya tsara wanne ke bin wanne. Da rani, bayan la'asar, sai mu fito da shi gindin tsamiyar ƙofar gari, maza su kewaye mu. Ni in karanta rubutu, shi ya karanta zane, kuma nasa karatun ya fi tsawo. Shi ke nuna wa mutane ƙudan da mai zane ya ɗora a hancin wanzami, da tsohuwar da ke leƙe ta taga a can kusurwa tana murna da masifar wani. Wani dattijo ya taɓa yi mana faɗa a kan surar mai rai. Ya karɓi littafin, ya ɗauki gawayi ya ja layi a wuyan wanzami da na bunsuru, ya ce yanzu sun zama marasa rai, babu laifi. Daga nan ya gyara zama ya ce a koma daga farko, bai ji wurin keken da kyau ba.

Shafin da muka sa a ƙarshe shi ya raba mu. Wanzami ya gudu daga bunsuru ya hau bishiya, ya rataye da hannu biyu a reshen da ya miƙa kan bakin rijiya. Reshen ya fara tsagewa, mai zane ma ya nuna tsagin. Bunsuru yana ƙasa yana tauna takalminsa ɗaya, yana kallonsa. Shi ke nan. Mun tone shara rani bayan rani muna neman shafin da ke biye, ba mu same shi ba. Wataƙila yana gonar wani a Rimin Gado ya zama dawa tuntuni.

Taubashina ya ce wanzamin ya faɗa rijiyar. Ya ce shi mai saran itace ne, reshen da ya yi irin wannan tsagi ya gama magana, ballantana da wannan tumbi. Ni na ce bai faɗa ba, don babu mai zanen da zai kashe wanda yake ci da shi. Ya ce ai ba a ce ya mutu ba, an ce ya faɗa. Na ce ko jiƙa bai yi ba. Wannan musu muka ɗauka muka yi aure da shi, muka haifi 'ya'ya, muka yi furfura. Ya zama gaisuwarmu. In mun haɗu a kasuwa ko wurin suna, maimakon ina kwana sai ya ce ya faɗa, in ce bai faɗa ba, sannan mu tambayi iyali. Ko a zaman makoki, Allah na tuba, yakan matso kamar zai yi min ta'aziyya ya raɗa min a kunne.

Sai zamani ya juya mana baya a hankali, yadda ba za ka iya nuna ranar ba. Aka sayar da jakuna. Yanzu tifa ke kawo sharar, a juye maka a bakin gona, in ka tona leda ce da batir da fasassun kwalabe. Ledar nan ba ta ruɓewa, tana nan tana shaƙe gero, akuya ta ci ta kumbura. Birni ya daina yar da abin dariya, ko kuwa ya daina bugawa, ban sani ba. Wajen Rijiyar Zaki inda muke tsayawa mu shayar da jakuna yanzu benaye ne da shaguna. Gonar mahaifin taubashina, inda muka tsinci shafin farko, an raba ta gado an sake rabawa, har rabon wani bai kai shimfiɗar tabarma huɗu ba, ya sayar wa mai yanka fuloti. Mazan gindin tsamiya suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Matasan da suka gaji inuwar suna dariya, ban hana su ba, amma kowa da wayarsa, kowa shi kaɗai, kamar taron masu taɓin hankali. Na taɓa fito musu da littafin. Ɗaya ya ɗaga kai ya ce sannu Baba, ya mayar.

Tun kafin wannan, littafin ya fara shan wuya a gida. Gara ta ci gefensa, yara kuma suka yage shafi guda aka ƙunsa ƙuli-ƙuli da shi. Akwai gafakar mahaifina da ta zauna wofi tun da aka ba ƙanena Alƙur'aninsa a rabon gado. Na zura littafin a ciki, na rataye a turken da ke can saman bangon ɗakina, na tara yaran gida na ɗaure fuska. Na ce wannan kundin kakanni ne, duk wanda ya buɗe shi ba da izini ba gashin kansa zai zube ya bar shi kamar ƙwarya. Maganin ya ci. Ko ƙwallo ce ta faɗa ɗakin sai sun yi sallama sau uku kafin su shiga. Uwargidana, wadda ta san abin da ke ciki, ta ce Malam, wasan nan wata rana zai ci ka. Na ce mata mace ba ta san sirrin malanta ba.

Yaran suka girma da tsoron gafakar. In na rataya ta na nufi gidan taubashina muka shige zaure muka tura ƙyaure, sai a ce tsofaffin nan sun shiga bincike. In an jiyo dariya a ce ai masu sani haka suke. Ban da uwargida, waɗanda suka san gaskiya duk suna maƙabarta, mu kuma ba mu ga dalilin ɓata wa kanmu suna ba.

Tsufa ya zo mana a rabe, kamar yadda muka raba karatun. Ni yanar ido ce ta rufe min duka biyun, duniya ta zama kamar ana kallonta ta cikin koko. Shi kuma ya faɗi a gona aka ɗauko shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai ya jawo ta da ƙyar kamar guga daga rijiya mai zurfi. Ban daina zuwa ba. In lalubo hanya da sanda, in zauna kusa da tabarmarsa, in buɗe littafin a gabansa in karanta da ka. Matsalar ita ce ba na ganin shafin da na buɗe. Ina labarin keke alhali wanzami yana tashar jirgi, wani lokacin ma a kife nake riƙe da shi. Sai ya daki gwiwata da hannun da ya rage masa, yana gurnani.

'Ya'yana sun daɗe suna roƙona in je asibitin ido a birni a cire yanar. Na ƙi. Ba tsoro ba ne, in ji ni. Cewa nake idon da ya ga jiya ba ya bukatar ganin yau. Wata rana bayan na karanta masa shafi guda a kife daga sama har ƙasa, taubashina ya riƙe min wuyan riga. Ya daɗe yana haɗa kalmomin.

"Bawana, je a buɗe maka ido. Ka zo ka karanta min daidai sau ɗaya, kafin in tafi."

Na ce masa babu inda za shi, mugu ba ya saurin mutuwa. Amma na yi alkawari. Abin da 'ya'ya suka kasa da magiya, shi ya yi da rabin baki.

Aka yi aikin. Likita ya hana ni ƙura da hayaƙi da sunkuyo, wato ya hana ni ƙauye gaba ɗaya, don haka na zauna gidan 'yata a Rijiyar Zaki, uwargida tana jinyata. Ranar da aka cire auduga na ga zanen da ke jikin zanen uwargida, ƙananan furanni, na ga ashe ita ma ta tsufa ba ta gaya min ba. Ina kwance da baƙin tabarau kamar ɗan daudun biki, ina ta bitar littafin a zuci, ina tuna inda zan sa muryar alƙali da inda zan dakata ya nuna min ƙuda.

Ashe a gida 'ya'yana maza sun ƙulla alheri a ɓoye. Sun ce ba zai yiwu Baba ya dawo da sabon ido ya shiga tsohon ɗakin ƙasa mai zubar da ƙura ba. Suka rushe shi, suka ta da na bulo, aka yi rufin kwano, aka shafe da farin fenti, har da fanka a sama ko da yake wutar sai ta ga dama. Da muka dawo aka tare ni da murna aka kai ni ƙofa. Abu na farko da na nema da sabon idona shi ne turken nan. Bango fes, sumul, ko ƙusa babu.

Na tambayi babban ɗana ina gafaka. Fuskarsa ta yi haske irin na wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

"Baba, an girmama ta yadda ya kamata."

Ya ba ni labari dalla-dalla. Kafin a fara rushe ɗakin ya yi alwala ya sauko da ita da kansa, bai bar leburori sun taɓa ba. Ya ɗan ɗaga bakinta kaɗan, bai zaro komai ba saboda gargaɗina, sai ya ga takardu sun yi ja, gara ta cinye gefe, gutsattsari suna zubowa. Hankalinsa ya tashi kada rubutu mai tsarki ya zube a ƙarƙashin ƙafar magina. A daidai lokacin kuma liman yana tattara tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani da suka yage a masallaci da makarantun allo, za a sa su a tsohuwar rijiyar bayan masallaci da ta ƙafe tun ina saurayi, a rufe, kamar yadda aka saba yi wa takardun da suka gama aiki. Sai ya kai masa. Liman ya ce kundin dattijo ba a buɗe shi a bayan idonsa. Aka naɗe gafakar a farin ƙyalle ita kaɗai, aka zura ta da igiya a hankali, aka bi da yashi, aka shafe bakin rijiyar da ragowar simintin ɗakina.

Ya gama ya sunkuyar da kai yana jiran albarka. Ƙannensa ma suna jira. Na dubi uwargida, ta juya ta shige madafa, kafaɗunta suna rawa, har yau ban tambaye ta kuka take ko dariya ba. Bakin uba ba abin wasa ba ne, kuma yaran nan sun zuba ƙarfinsu a bangon. Na ce Allah ya yi muku albarka. Suka ce amin da ƙarfi. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Ni idon na samu, na rasa abin kallo.

Washegari da hantsi na tafi bayan masallaci, na tsara maganar da zan yi wa liman tun daga gida. Na tarar da simintin ya bushe, wani yaro ma ya bar sawun ƙafarsa a gefe. Ina tsaye liman ya fito. Ɗan abokina ne, a gabana aka raɗa masa suna. Ya rusuna ya gaishe ni, ya yi min barka da ido, sannan ya dubi rijiyar ya ce Allah ya amfanar da mu ilimin magabata, irin waɗannan kundaye ba a samunsu yanzu. Na buɗe baki. To me zan ce? A fasa siminti, a tone yashi, a tayar da warƙoƙin Littafin Allah daga inda aka kwantar da su, don a ciro min bunsuru? A gaban ɗana, da ya yi alwala? Na ce amin. Na ƙara da istigfari a zuci saboda maƙwabtakar da wanzami ya samu ba da saninsa ba. Abin da ya ɗan kwantar min da rai shi ne a rufe yake, a naɗe, bai taɓa kowa ba.

Na ƙi zuwa gidan taubashina. Na ce ido bai gama warkewa ba, na ce rana ta yi zafi. Sai ga matarsa ta zo da saƙo, ta tsaya a tsakar gida ta faɗa da ƙarfi yadda aka umarce ta: wai a tambayi bawa ko tun da ya samu ido ya fi ƙarfin gaishe da ubangidansa.

Na tafi. A da, da nake lalube, muryarsa kawai nake ji da hannunsa a gwiwata, sai nake ganinsa a raina kamar yadda na san shi. Sabon idon bai yi min kara ba. Mutumin da ke sa kafaɗa ya ta da jaki da kaya ya koma kamar ɗaurin kara a ƙarƙashin mayafi. Shi kuma idonsa na nan yadda yake. Bai dubi fuskata ba, kafaɗata ya duba, inda igiyar gafaka take zama.

Na zauna na gaya masa komai, tun daga alwala har siminti. Ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, wanda dama yakan zubo ko ba dalili, don haka ban san yadda zan karanta shi ba. Can ya motsa baki.

"A ina ka ce?"

"A rijiyar bayan masallaci."

Ya lumshe ido. Sai na ga ɓarin bakinsa mai rai ya fara hawa sama, ƙirjinsa yana tsalle a ƙarƙashin mayafi.

"Ya faɗa," in ji shi.

Na ce sam. Na ce da igiya aka zura shi, a hankali, cikin farin ƙyalle, liman na tsaye, wannan ba faɗuwa ba ce a kowace mazhaba. Ya yi ta dariyar har ta zama tari, matarsa ta leƙo da ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, bawana, ya dai shiga. Musun da muka ɗauko tun muna kora jakuna, 'ya'yana ne suka yanke shi a bayan idona, suka ba shi gaskiya, suka shafe da simintina.

Da dariyar ta lafa sai ya miƙo hannun nan mai rai ya shimfiɗa a kan tabarma, yadda yake yi in zai danne gefen shafi kada iska ta juya shi. Ya ce to karanta.

Na gyara murya na fara daga keke. Ban manta ko kalma ba, muryar alƙali ma ta fito. Amma ina zuwa wurin da nake dakatawa ya nuna ƙuda, na dakata, babu abin nunawa. Yatsansa ya yi ɗan yawo a kan tabarma ya tsaya. Na ci gaba zuwa tashar jirgi, na zuba duk ƙaryar da ya ce ta fi Turanci daɗi. Bai yi dariya ba. Shi dama ba rubutun yake saurare ba, zanen yake karantawa, maganata rakiya ce kawai. Kafin in kai ga bishiya ya janye hannunsa cikin mayafi ya juya fuska bango. Na ƙarasa duk da haka, har tsagin reshe, don alkawari na yi. Ban sani ba ko ya ji.

Bai ga girbin geron wannan shekara ba.

'Yata ta ji labarin daga bakin uwarta, ta shiga kasuwar birni ta nemo min wani littafin zane mai ban dariya, sabo, cikakke, mai sheƙi. Allah ya yi mata albarka. Na zauna a farin ɗakina na karanta shi daga farko har ƙarshe da sabon idona, ban yi kuskuren ko wasali ba. Kowa a ciki ya tsira, an nuna yadda ya tsira, babu abin da aka bari. Na rufe na sa a ƙarƙashin katifa. Babban ɗana har yanzu yakan ba baƙi labarin kundin kakanninsa da aka binne da daraja, ni kuma in gyaɗa kai, don gashin kansa ya fara zubewa kuma na ga yana yawan shafa wurin yana tunani.

Bakin rijiyar ya zama dakali. Mata suna shanya kuɓewa a kai, awaki suna hawa su kwanta. In na fito daga sallar la'asar nakan bi ta nan in ɗan tsaya, in ce bai faɗa ba, ba da ƙarfi ba. Masu wucewa sukan rage murya su ɗaga hannu su shafa, a zatonsu addu'a nake.